Daga "hospice" zuwa "résidence autonomie": yadda Faransa ta sake wa gidan tsofaffi suna

Ƴan uwa ɗalibai, mu da ke karatun harshe mun saba da wani abu: in al'umma ta sake ma wuri suna, to akwai abin da ya fara damunta game da wurin.

A Faransa, tsohon da ba shi da mai riƙonsa a da can "hospice" ake kai shi. Kalmar daga Latin take, tushenta "hospes", wato baƙo. Amma baƙuncin bai da daɗi: babban ɗaki, gadaje a jere, tsofaffi da marasa lafiya da matalauta a haɗe, ba mai ɗakin kansa.

A 1962 wani kwamiti ƙarƙashin Pierre Laroque ya fitar da rahoto mai cewa a daina ware tsoho, a taimake shi ya zauna gidansa cikin jama'a, a aiko masa mai shara da mai dafa abinci. A zamanin ne "logement-foyer" suka yawaita: kowa da ɗan gidansa da makullinsa, ga wurin cin abinci na gama-gari ga mai so. Dokar 1975 ta ce a sauya fasalin "hospice" cikin shekara goma, sai dai aikin ya ja lokaci fiye da haka.

A 2002 aka fara biyan kuɗin APA, don tsohon da ƙarfinsa ya ragu ya ɗauki mai taimakonsa. Sai ga zafin watan Agusta 2003 ya kashe mutum wajen 15,000, mafi yawansu tsofaffi, wasu su kaɗai cikin ɗaki ba wanda ya leƙa su. Nan aka gane makulli a hannu bai wadatar ba in babu mai ƙwanƙwasa ƙofa. Dokar 28 ga Disamba 2015 ta maida "logement-foyer" ya zama "résidence autonomie", wato mazaunin mai iko da kansa.

Mu nan a Hausa ba mu da sunan irin wannan gida, don kaka tana da ɗakinta a tsakar gida, jikoki na shiga suna fita. Amma ku duba mu: wani na Yamai, wani ya tafi ci-rani. Wa ke ɗebo mata ruwa yanzu? Faransa ta kwashe fiye da shekara hamsin tana neman haɗa ma tsoho abu biyu, ɗakin kansa da mai leƙa shi. Mu duka biyun muka gada, kuma na biyun ne ya fara kuɓuce mana.