'Yan Tawayen Zariya da Abin da Suka Bar Mana

Jama'a, musamman 'yan uwana masu karatun zane-zane, ku ɗan ba ni aron kunnuwanku. Mu da muke digiri na biyu a nan Nsukka kullum sunan Uche Okeke muke ji, amma da yawanmu ba su san cewa a Zariya tunaninsa ya nuna ba.

A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar Zaria Art Society. Cikinsu akwai Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu galibi Turawan Ingila ne, manhajar ma daga can aka ɗauko ta. Yaran nan fa ba su kulle ƙofar makaranta ba. Zama suka riƙa yi suna karatu suna gardama: idan ƙasa ta samu 'yanci, da wane ido mai zane zai kalle ta?

A 1960 Okeke ya ba amsar suna, Natural Synthesis. Ma'ana, ka koyi dabarar Bature da kyau, sannan ka koma gida ka binciki gadonka, ka haɗa su har su zama naka. Shi ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya ɗauki tatsuniyoyin Urhobo. Bayan yaƙin basasa Okeke ya zo Nsukka, uli ya zama tambarin sashen. Mai son cikakken labarin ya nemi littafin Chika Okeke-Agulu, Postcolonial Modernism, na 2015.

To, ga inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. A Zariya aka haifi wannan tunani, garin da bangayensa ke ɗauke da adon magina. Muna da dagi, da zayyanar allo, da aska takwas a wuyan riga, da lalle. Mu nawa ne muka zauna da magini ko maɗinki muka tambaye shi dalilin kowane layi? Sai dai mu liƙa dagi a kusurwar hoto mu ce al'ada.

Sharhinmu ma haka yake. Mutum ya saka aikinsa, mu ce "Masha Allah, hannu ya faɗa", shi ke nan. Alhali 'yan Zariya da gardama suka gyara juna. Duk wanda ya sake saka aiki, don Allah mu tambaye shi: me ka karanta, kuma daga ina layin nan ya fito?