Maraɗi, Garin da Aka Gina Sau Biyu

Waɗanda suka kafa sarautar Katsinan Maraɗi ƴan gudun hijira ne, mutanen da aka raba da birninsu da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. Ba kowa yake tuna haka ba idan ya ga dawaki da lifida a ƙofar fada ranar hawan salla, amma daga nan tarihin wannan gida ya faro.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a shekarar 1804. Cikin 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun Ummarun Dallaje da abokan tutarsa, Sarki Magajin Halidu kuwa ya fita da sauran jama'arsa ya nufi arewa, ya ja daga a Ɗankama. Nan ma aka ci su. Labarin da magabata suka bari shi ne, sarkin da ya ga abin da ya auku, baƙin ciki ya ci ƙarfinsa, ya faɗa rijiya. Ba a faɗin wannan don a ci zarafinsa. Mutum ne da ya gaji gadon sarauta na ɗaruruwan shekaru, ya ga ya watse a hannunsa. Abin lura shi ne abin da sarakunan karaga suka yi bayan haka. Ba su da birni, ba su da rumbu, maƙiyi yana bayansu, amma sai suka naɗa Ɗan Kasawa, suka kira shi Sarkin Katsina, tamkar babu abin da ya ɓace. Wani zai ce wauta ce a naɗa sarki ba ƙasa. To, wannan naɗi shi ya hana Katsinawan da suka tsira bazuwa cikin duniya kowa ya kama gabansa.

Ɗan Kasawa ya yi gabas zuwa Damagaram, daga baya ya zauna Gafai, ya yi shekaru yana jira. Zaman jira a ƙasar wani yana da irin nasa tsoro, wanda ya sha bamban da na fagen fama: tsoron kada mabiya su gaji su sulale ɗaya bayan ɗaya, tsoron kada mai masauki ya sake shawara. Buɗin ya zo ne daga Aznan kwarin Gulbi, waɗanda suka gaji da mulkin Mani Asha, wakilin sababbin masu iko. Suka tashi suka kashe shi, suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo. Wajajen 1819 ya shigo Maraɗi, garin da sunansa ma sunan wata tsohuwar sarauta ce ta Katsina.

Zaɓen wurin yana da dalili. A wancan zamani kwarin cike yake da kurmi mai duhu, inda doki ba ya iya sukuwa, ga ruwa kusa, ga fadama mai ba da abinci ko da damana ta yi gardama. Mutanen da suka san ɓarnar mahaya sun gina gidajensu inda mahayi zai tilasta ya sauka. A nan aka sake tsayar da fada irin ta Birnin Katsina: Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi su ne masu zaɓen sarki, Iya kuma tana riƙe da sha'anin mata da na bori.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 1836, a Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar haɗin gwiwa ta Gobirawa da Katsinawa da Buzaye. Sarkin Maraɗi Rauda ya kwanta dama a filin, haka ma Sarkin Gobir Ali. Sarakuna biyu a yaƙi guda! Garin da bai cika shekara ashirin ba yana iya mutuwa daga irin wannan rauni. Ɗan Mari da ya gaji Rauda bai tsaya ga ɗinke ɓarakar gida kaɗai ba, ya tallafa wa Gobirawa, waɗanda su ma suka rasa Alƙalawa tun 1808, har suka kafa Tsibiri kusa da shi a ƙarƙashin Sarkin Gobir Mayaƙi. A zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi sama da shekara ashirin bisa karaga, al'amari ya juya: dakarun Maraɗi ne ke kai hari har cikin ƙasar Kano. Gaskiya kuwa, wannan ƙarfi bai zo da alheri ga kowa ba, domin talakawan ƙauyukan kudu sun ɗanɗani tsoron da Katsinawa suka taɓa sha, an ƙone garuruwa, an kwashi bayi. Birnin Katsina kuma bai dawo ba.

Ƙarshen ƙarnin ya zo da rikicin cikin gida, har Sarki Mijinyawa ya bar gari ya koma Tasawa, iko ya tattaru a hannun Ƙaura Hasau. Cikin wannan hali ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa a 1899, ya ragargaza Birnin Ƙonni, ya bi yana ƙone ƙauyuka, kafin sojojinsu su harbe su a Maijirgi cikin watan Yuli. Sai iyakar Faransa da Ingila ta shiga tsakanin Maraɗi da Katsina, sai yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, sai haraji da aikin dole.

Amma abin da ya rushe tsohon gari ba mashi ba ne, ba kuma igwa ba. A ƙarshen damanar 1945 Gulbi ya cika ya batse, ya shiga gari, gidajen ƙasa suka jiƙa suka zube. Abin mamaki, ruwan nan daga ƙasar Katsina yake gangarowa, kwarin da ya kāre kakanni daga dawaki shi ya cinye gidajen jikokinsu. Hukumar Faransawa ta yanke shawarar a tashi a hau tudu, aka shata tituna miƙaƙƙu masu faɗi, irin waɗanda tsohon gari mai lunguna bai taɓa sani ba. Barin wurin da aka binne cibiya ba abu ne mai sauƙi ba, balle ga dattawan da suka san cewa a kan tudu ba kurmi, rijiya kuma sai an yi zurfi kafin a tad da ruwa. Duk da haka aka tashi.

Kamar yadda aka yi a Ɗankama, abin da ruwa bai iya ci ba shi aka ɗauko. Unguwanni suka hau tudu da sunayensu: Bagalam, Ƴandaka, Maradawa, Ɗan Gulbi, Limanci, Mokoyo, Hasau. Fada ta zauna a tsakiya, maƙwabci ya nemi maƙwabcinsa na dā. Shekara guda bayan haka, a 1946, aka soke aikin dole, cinikin gujiya ya bunƙasa, daga cikinsa Alhazan Maraɗi suka taso. Da farin 1973 da 1974 ya karya noman gujiya, suka mai da jarinsu ga fatauci da Nijeriya, ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya wadda ta bi ta Katsina. Tsohon mazaunin kuwa ya koma gonaki da garake.