Daga Man Kaɗanya zuwa Kwalbar Farmasi: Tarihin Haɗin Man Shafawa

Ƴan uwana ɗalibai, yanzu ko wace yarinya ta buɗe waya sai ta iske wata tana koya mata yadda ake haɗa bitamin C da bitamin E a shafa ga fuska kullum da safe. Ana faɗin abin kamar jiya anka gano shi a Turai. Ni kuwa da na bi diddigi sai na tarar haɗa magunguna biyu ko uku don kare fata tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, har da nan Arewa, daga Geceme zuwa Tibiri da Dogon Dutsi. Abin da masana sunka ƙara shi ne bayanin dalili.

Mu fara da dalilin. Ku fasa farin goro ku aje shi, ba da jimawa ba sai ya sauya launi. Ku yanka yalo, sai bakin yankan ya yi duhu. Iskar da muke shaƙa ce ke wannan aiki, ita ce kuma ke sa ƙarfe tsatsa da mai ya lalace. Fatar mutum ma tana shan irin wannan ci, kuma rana da ƙura da hayaƙin murhu suna ƙara masa sauri. Sinadaran da ke tare wannan ɓarna su ne ake kira antioksidan. Ni dai ina ce musu masu hana tsatsa.

Mafi daɗewa a cikinsu wajenmu shi ne man kaɗanya. A shekarar 1352, matafiyin nan Ibn Battuta, kan hanyarsa daga Walata zuwa Mali, ya ga ana fasa ƙwallon wani ɗan itace ana fitar da mai, ana girki da shi, ana kunna fitila, ana shafawa a jiki. Masu tarihi sun ɗauka kaɗanya ce yake nufi. A 1796 Mungo Park ya ga itacen a ƙasar Segu, ya yi mamakin yadda man ke kai shekara bai lalace ba ko da ba a sa masa gishiri ba. Bai san sirrin ba, amma yau an san cewa man yana ɗauke da bitamin E da wasu sinadarai masu hana tsatsa. Abin da ke tsare man cikin ƙwarya shi ne ke taimakon fata cikin hunturu.

Kaɗanya ta fi yawa a kudancin jihar Doso, wajen Gaya, da ƙetaren iyaka a Kabi da Benin. Fatake ne ke kawo man arewa tare da goro da gishirin Foga. Don haka ba abin banza ba ne a gidajen kakanninmu, ana tattalinsa. In ya yi wuya sai a koma ga man shanu ko man gyaɗa.

Kuma ba shi kaɗai ake shafawa ba. Kakata takan lissafa mini kayan kwalliyar zamaninsu kamar mai karanta darasi: sabulun salo don wanka, mai bayan wanka tun jiki bai bushe ba, lalle ga hannu da ƙafa, kwalli ga ido. Amarya kuwa sai an yi kwanaki ana murza ta da lalle kafin a kai ta. Daga baya dilka ta shigo daga Sudan ta hanyar Barno, ana haɗa ta da kurkur. Ku lura da tsarin: a wanke, a murza, a rufe da mai. Shi ne dai tsarin da masu bidiyo ke sayar muna yau da sabon suna.

Can Turai da Amurka kuwa, aikin ya tashi ne daga ɗakin bincike. A 1922 Herbert Evans da Katharine Bishop sunka gano bitamin E a Kalifoniya. Albert Szent-Györgyi, ɗan ƙasar Hangari, ya ware bitamin C, ya samu kyautar Nobel a 1937. A 1956 Denham Harman ya kawo ra'ayin cewa irin wannan tsatsa ta cikin jiki tana da hannu wajen tsufa. Sannan anka fahimci yadda bitamin ɗin biyu ke aiki tare. E yana zaune cikin mai, C yana zaune cikin ruwa. In E ya tare ɓarna ƙarfinsa ya ƙare, C ne ke maido masa da shi. Kamar gayya ce a gona, wannan ya gaji wancan ya kama masa.

A 2005 masu bincike a jami'ar Duke ta Amurka, ƙarƙashin Sheldon Pinnell, sunka nuna cewa in an haɗa bitamin C kashi 15 cikin ɗari da bitamin E kashi 1, anka ƙara wani sinadari mai suna ferulik rabin kashi, haɗin ya fi daɗewa kuma kariyar da yake ba fata daga rana tana ninkawa biyu. To ina ake samun ferulik? Cikin dusar hatsi, irin ta masara da shinkafa da alkama. Dusar da muke zuba ma tumaki. Bitamin C kuma ga shi jibge cikin garin ƴaƴan kuka. Ba ina cewa a kwaɓa dusa a shafa ta zama maganin farmasi ba, a'a, aikin ma'auni daban yake. Ina nuna muku ne cewa kayan ba baƙi ba ne a ƙasarmu.

Inda tarihin ya karkace shi ne lokacin da man sauya launi ya cika kasuwanni. Kakanninmu suna neman fata ta yi laushi da sheƙi. Sabon mai kuwa alkawarinsa fari ne. Cikin irin waɗannan mayuka akan sami hidrokinon, ko makuri, ko magungunan kotizon masu ƙarfi da ba a shafa su sai da umurnin lokotoro. Suna rage baƙin da Allah ya sa a fata, alhali baƙin nan shi ne rumfar da ke tare rana. Sakamako mun gan shi da idanunmu: kumatu ja, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, fata ta yi sirara har rauni ya ƙi warkewa. Makuri kuma har ƙoda yake taɓawa. Tarayyar Turai ta hana hidrokinon cikin kayan kwalliya tun 2001, Kodibuwa ta hana mayukan a 2015, Gana ta bi baya a 2016. Amma iyaka tana kusa da mu, kaya na shigowa ranar kasuwa, wasu ma an juye su cikin roba babu takarda. Yanzu wayon da anka ƙara shi ne a rubuta bitamin C a jikin kwalba, cikinta kuwa tsohon dafi ne.

Kada kuma mu ce duk na gargajiya lafiya lau ne. Kwallin dutse yakan ƙunshi darma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar jarirai. Baƙin lalle na zamani ana sa masa sinadarin rinin gashi mai ƙona fata. Lemun tsami in an shafa anka fita rana yana barin tabo.

Ga wadda ke son haɗawa, tarihi da bincike sun yarda a kan abu ɗaya: a wanke fuska, a fara da mai ruwa-ruwa, a rufe da mai kauri. Bitamin C ba ya jure zafi da haske, balle zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. In ruwan kwalbar ya koma launin ƙasa, ya mutu, kuɗi sun tafi. Kuma babu haɗin da ke maye gurbin inuwa da malfa da mayafi.

Abin da ya fi damuna shi ne itacen kansa. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara ƴaƴa, amma gatari yini ɗaya ya ishe shi ya mai da ita gawayi. Kamfanonin Turai suna sayen man su sa cikin kwalba mai tsada su maido muna. In mun bar ta ta ƙare, ƙannenmu za su sayi man kaɗanya da sunan Faransanci ba su taɓa ganin itacen ba. Ina roƙon kowane ɗalibi, in an tafi hutu, ya zauna da tsohuwar gidansu ya tambaye ta abin da suke shafawa da yadda suke haɗa shi, ya rubuta, mu tara a fitowa ta gaba.