Daga Gandu Zuwa Katin Asibiti: Tarihin Ɗaukar Nauyin Jinyar Matashi a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Tambayar wanda zai biya kuɗin magani idan saurayi ya kwanta ciwo bayan ya fita daga hannun mahaifinsa ta girmi asibiti da inshora a kudancin Katsina, domin tun kafin a kafa gidan magani na Turawa a Funtuwa ko Malumfashi, manoman Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume suna da ƙa'idar da ke fayyace lokacin da nauyin ɗa yake sauka daga wuyan uba. Abin da ya sauya a cikin shekaru ɗari da suka wuce shi ne ma'aunin da ake shata wannan iyaka da shi: a da aure ne da raba tukunya, a yau kuwa, ga wanda mahaifinsa yake cikin inshorar lafiya, wato tsarin da jama'a ke tara kuɗi tun suna da lafiya domin a yi wa wanda ya kamu da cuta magani, ranar haihuwa ce kawai da ke rubuce a takarda.

Tushen tsohon tsarin shi ne gandu, wanda yake nufin haɗin gwiwar uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa, a kan gona ɗaya da rumbu ɗaya. 'Ya'ya suna yi wa gonar gandu aiki daga safe har wajen azahar, sannan kowa ya juya ga gayaunarsa, wato 'yar gonar da mai gida ya yankar masa don amfanin kansa. Shi kuwa mai gida yana ciyar da su da iyalansu, yana ba su iri da fartanya, yana biya musu haraji, yana kuma yi wa kowannensu auren fari. Masanin nan M. G. Smith ya bayyana wannan tsari a ƙasar Zazzau a littafinsa na 1955, Polly Hill kuma ta nazarce shi a Batagarawa kusa da birnin Katsina a littafinta na 1972. Jinya ba ta cika fitowa da sunanta a jerin waɗannan haƙƙoƙi ba, amma tana cikinsu, saboda ladan wanzamin da ya yi ƙaho, da kazar da ake kai wa maɗori bayan karaya, da sadakar malamin da ya yi rubutun sha, duk daga rumbun gandu ko garken gida suke fita. Hikimar abin a fili take, tunda ciwon ƙato a tsakiyar damina asarar gida ce baki ɗaya, kuma uban da ya ƙi jinyar ɗansa a watan noman farko kansa ya cuta.

Abin lura a nan shi ne fita daga gandu ba ta da shekara. Akwai wanda yake zama a cikinsa har ya yi furfura, akwai wanda yake neman sallama bayan aure da 'yan shekaru, akwai kuma gandun da ba ya watsewa sai an raba gado. Mafi muhimmanci, mai fita ba ya fita hannu rabbana, domin yana tafiya da gona da hatsin da zai kai shi kaka, wani lokaci har da akuya ko tunkiya, waɗanda su ne asusun da zai taɓa ranar da cuta ta zo. Fikihun Malikiyya, wanda Risala ta Ibn Abi Zaid ta yaɗa a makarantun zaure, ya ɗora wa uba ciyar da ɗa namiji har ya balaga, ɗiya mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta, sai dai al'adar manoma ta zarce wannan iyaka nesa. Ko ita macen ba a yanke mata igiya gaba ɗaya, tunda haihuwar fari da wankan jego a gidan iyaye ake yin su, kuma doguwar jinya takan mayar da ita ɗakin uwarta.

Auduga ce ta fara sassauta wannan ƙulli. Bayan layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, kuma aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, saurayi ya sami hanyar kama kuɗinsa na kansa daga gayauna ko ƙwadago ko ci-rani ba tare da ya jira hannun uba ba. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975 tare da takwarorinsa na Gusau da Gwambe, ya ƙara shigar da taki da ingantaccen irin masara da hanyoyin karkara, ya kuma mai da noma sana'ar jari. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya kwashe yara daga gona da safe. Soke haraji da jangali da gwamnatin Balarabe Musa ta yi a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979 kuma ya cire ɗaya daga cikin dalilan da ke sa ɗa ya haƙura da zaman gandu. Gandu bai mutu ba, amma ya gajarce, ƙasar noma kuma ta yi ta raguwa a hannun magada.

A daidai wannan zamani ne Malumfashi ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi nazarin lafiyar mutanen karkara a Arewa. Jami'ar Ahmadu Bello ta riƙe asibitin garin a matsayin reshen koyar da ɗalibanta, masana daga Libaful ta Ingila suka haɗa hannu da ita a shekarun 1970 wajen binciken cututtukan yankin irin su tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji, Murray Last kuma, wanda ya zauna cikin mutanen karkarar, ya nuna a maƙalarsa ta 1981 cewa majinyaci ba ya ɗaure kansa ga hanya ɗaya, yana zagaya tsakanin asibiti da boka da malami gwargwadon abin da ya samu. Muddin maganin gwamnati yana kusan kyauta a shekarun arzikin man fetur, raunin gandu bai fito fili ba. Tsuke bakin aljihu na 1986, da rusa hukumomin sayen amfanin gona a wannan shekara, da tsarin sayar da magani a mayar da kuɗinsa wanda ya biyo bayan yarjejeniyar Bamako ta 1987, su suka mai da jinya abin ciniki, kemis ya zama asibitin talaka. Jihar Katsina da aka ƙirƙiro a 1987 ta gaji wannan hali ne tun ranar farko.

Batun inshorar lafiya ta ƙasa an fara kawo shi majalisa tun 1962 a zamanin ministan lafiya Moses Majekodunmi, amma bai zama doka ba sai 1999, ba a kuma ƙaddamar da hukumar NHIS ba sai 2005 a mulkin Obasanjo. An gina shirin a kan albashi: a ƙa'ida, wanda ya ɗauki ma'aikaci yana zuba kashi 10 cikin ɗari na tushen albashi, ma'aikaci yana zuba kashi 5, kati kuma yana ɗaukar ma'aikacin da matar aure ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba, sauran sai an ƙara kuɗi. Duk wanda ya san gidan Bahaushe mai mata biyu da 'ya'ya goma sha, ga ɗan riƙo ga ƙanin mai gida, ya san cewa ba da shi aka auna wannan riga ba. A Amurka, dokar lafiya ta 2010 ta bar matashi a kan inshorar iyayensa har shekara 26, saboda an lura cewa tsakanin gama makaranta da samun aiki akwai rata. A Nijeriya, inda ratar ta fi tsawo, iyakar ta tsaya a 18, wato shekarar da yaro yake gama sakandare bai mallaki gona ba, bai mallaki albashi ba.

An yi ƙoƙarin cike gurbin da faci-faci. Akwai shirin ɗaliban manyan makarantu, wanda ake haɗa kuɗinsa da na rajista, don haka ɗan Funtuwa da ya sami shiga jami'a a Zariya ko Dutsin-ma yana iya samun kati har ya gama, ranar da ya gama kuwa katin ya mutu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, amma an fi karkata shi ga masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tsofaffi da naƙasassu da matalauta na ainihi. A zamanin gwamna Aminu Bello Masari, wanda shi kansa ɗan ƙasar Ƙafur ne, jihar ta kafa hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, kalmar da ta fi inshora daɗin ji a kunnen mutanen da ke zargin inshora da kama da caca, ta kuma fi kusa da adashi da gudummawar biki da suka saba da su. Sai dai ita ma ma'aikatan gwamnati ne ginshiƙinta, domin daga albashi kaɗai ake iya yankar kuɗi ba tare da an bi mutum gida ba. A watan Mayu na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mai da NHIS hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, akwai kuma shirin da ke bai wa mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya damar biyan kuɗin shekara da kansu.

Wajabci a takarda bai sauya lissafi a ƙasa ba, domin har yanzu mafi yawan abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fita kai tsaye. Mafi yawan samarin wannan yanki ma ba su taɓa hawa katin kowa ba balle a sauke su, tunda iyayensu manoma ne ko 'yan kasuwa. Su ne ke acaɓa da dako a kasuwar hatsi ta Ɗandume da ƙwadago a gonakin masu jari, kuma matsalar 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ta koro da yawansu cikin gari ba gona ba dabba. Idan hatsari ko tiyata ta taso, buhun masarar uba ake kaiwa kasuwa, ko a yi karo-karo a masallaci da zauren WhatsApp na 'yan aji ɗaya, ko a jinginar da gona, wato nauyin yana komawa kan gandun da ya riga ya rasa ƙarfin ɗaukarsa. Kuɗin manomin Funtuwa da Malumfashi yana shigowa ne sau ɗaya, da kaka, lokacin da ake sayar da masara da waken suya da auduga, zazzaɓi kuma ya fi tsananta a watannin Agusta da Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba.