Langa da ƙwallon hannu: tarihin atisayen da ke ceton gwiwa 🧵

1/ Jama'a, ku matso. Yau zancen ƙwallon hannu za mu yi, musamman ku da ke buga wa jami'a wasa. Atisayenta ya canja tuntuni, mu kuma har yanzu zagayen fili muke ta yi.

2/ A gasar Olamfik ta Balin a 1936, mutum 11 ke bugawa a kowane ɓangare, a kan ciyawa kamar ƙwallon ƙafa. Fili mai faɗi, gudu mai tsawo. Wanda ya fi numfashi shi ne gwani.

3/ Da wasan ya dawo Olamfik a Munik a 1972, ya koma cikin ɗaki: mutum 7, fili mita 40 da 20, minti 30 sau biyu. Nan aiki ya zama gudun ɗan zango, birki, juyi, tsalle, dira.

4/ A wannan lokacin ne wasan ya kafu a Najeriya, ana shirin gasar Afirka ta Legas a 1973. Matanmu sun ci kofin Afirka a 1991, suka je Olamfik ta Basalona a 1992. Ba baƙon wasa ba ne a wajenmu.

5/ To amma birki da dira a ƙafa ɗaya su ke tsinka jijiyar cikin gwiwa. In ta tsinke, sai tiyata da jinyar watanni. Ɗalibin da ke fama da kuɗin rajista, ina zai samo?

6/ A 2005 masu bincike a Nowe suka fitar da sakamakon gwaji kan matasa 1,837 'yan shekara 15 zuwa 17. Wasu ƙungiyoyi aka ba su ɗumama jiki na minti 15 zuwa 20: tsayuwa a ƙafa ɗaya, koyon dira, ƙarfafa cinya. Raunin gwiwa da idon sawu: 48 a wajensu, 81 a wajen sauran.

7/ Ku lura fa, tsayuwa a ƙafa ɗaya ana ture ka kana riƙe kanka. Yaran Wagini, Batsari da Safana sun san sunanta: langa. Abin da muke yi a dandali da farin wata.

8/ Langa kaɗai ba ta isa ba. Sai an haɗa da koyon dira, gwiwa a lanƙwashe tana saitin yatsun ƙafa, da ƙarfafa kafaɗar jifa.

9/ 'Yan UMYU, FUDMA, ABU da BUK: gasar NUGA tun 1966 ake yinta, ba ta zuwa ba zata. Kiwon ranar sallah ba ya sa rago ƙiba. Ku fara minti 15 ɗin nan tun farkon zangon karatu, kafin kowane atisaye. Ku tura wa kyaftin ɗinku.