Ganuwar Elmina da Tudun da Ya Kayar da Ita

A shekarar 1482 ne Turawan Fotugal, a ƙarƙashin jagorancin Diogo de Azambuja, suka gina ganuwar dutse a Elmina, a gaɓar tekun ƙasar Ghana ta yau, daidai inda kogin Benya yake zuba ruwansa. Nufinsu su tsare mashigar jiragen ruwa, kada wani Bature ya raba su da cinikin zinariya. Daga bisani ɗakunan ajiyar haja suka koma kurkukun bayi masu jiran a ƙetara da su nahiyar Amurka.

Shekara 155 tutarsu tana kaɗawa a kanta. Sai dai sun zuba wa teku ido, sun yi sakaci da wani tudu da ke bayansu. A 1637 Turawan Holan suka kama tudun, suka girke igwa, suka yi ta luguden wuta har masu gadi suka miƙa wuya. Da yake sun ga abin da ya ci Doma, sai suka gina wata ganuwar a bisa tudun.

Ingila ta karɓi Elmina a 1872. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sanya ganuwar cikin kayan tarihin duniya, kuma jikokin bayin da aka fitar ta ƙofarta suna zuwa ziyara har yau.