Unguwar Muhandisin Da Tarihin Taki A Ruwan Nilu

A yammacin Kogin Nilu, daura da tsibirin Zamalek na birnin Alƙahira, akwai wata unguwa da ake kira Muhandisin, watau injiniyoyi ke nan da Larabci. Yau unguwa ce ta dogayen benaye da bankuna da kantuna, babban titinta kuwa, wanda aka raɗa wa sunan Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, ba ya rabuwa da cunkoson motoci. Amma har zuwa shekarun 1940 gonaki ne a wurin, yawancinsu na wakafi. A ƙarshen shekarun nan ne masanin gine-gine Mahmud Riyad ya zana sabon gari a kan filin, aka sa masa suna Madinatul Auƙaf. Bayan juyin mulkin 1952 sai aka yanka filaye aka sayar wa ƙungiyoyin ma'aikata, ga na 'yan jarida, ga na malaman makaranta, ga na likitoci, ga kuma na injiniyoyi, waɗanda sunansu ya danne na sauran. Ƙauyen Mit Uƙba, wanda ya riga unguwar kafuwa, yana nan har yanzu, benaye sun yi masa zobe.

Baƙar ƙasar da aka binne a ƙarƙashin waɗannan gine-gine ba a nan aka halicce ta ba. Kogi ne ya yi ta jigilarta shekara da shekaru daga tsaunukan Habasha. Kowace shekara, daga watan Yuli, ruwa yakan fara hauhawa yana rikiɗa ja, ya cika ya batse a Agusta da Satumba. Manoman Masar sun kewaye gonakinsu da jinga, suka mai da su kamar fangalin lambu, sai dai fangali guda yakan ɗauki eka dubbai. Sukan buɗe wa ruwa hanya ya kwanta a ciki kwana 40 ko fiye, laka ta zauna, sa'an nan a saki ragowar ya koma kogi, a watsa alkama da sha'ir da wake a cikin danshi. Ban ruwa da zuba taki aiki ɗaya ne a lokacin, kuma ba manomi ke tsara shi ba. Abin da hukuma ke iyawa shi ne awo. A tsibirin Rauda har yau akwai rijiyar awon ruwa da aka gina cikin shekarar 861, in ruwa ya kai kamu 16 a jikin ginshiƙinta an san shekara ta yi kyau, haraji kuma zai samu.

Wannan tsari yana da iyaka, domin girbi ɗaya yake bayarwa a shekara. Muhammadu Ali Basha, wanda ya mulki Masar daga 1805 zuwa 1848, kuɗi yake nema, auduga kuwa amfanin bazara ce, tana bukatar ruwa daidai lokacin da kogi ya ja baya. Saboda haka aka haƙa hanyoyin ruwa masu zurfi, aka soma gina madatsa a arewacin Alƙahira inda kogin ya rabu biyu, daga baya kuma, a 1902, aka gama madatsar farko ta Aswan. Gona ta koma bayar da amfani sau biyu, wani wuri sau uku, ba hutu. Ruwan bazara garau yake, ba laka a cikinsa, don haka ƙasa ta fara gajiya.

Manoma suka shiga neman taki ko ta ina. Suka ƙara gina hasumiyoyin tattabaru saboda kashinsu, suka riƙe barsim, wata ciyawa dangin wake mai gyara ƙasa. Suka kuma far wa kufan garuruwan dā suna haƙar ruɓaɓɓen tubali da toka, abin da suke kira sabak, suna kaiwa gona a kan jakuna da raƙuma. Tarihi ya yi hasara mai yawa a wannan haƙa, ko da yake ya ci riba sau ɗaya: an ce wata mata mai haƙar sabak ce ta tono shahararrun wasiƙun Amarna cikin 1887. A shekarar 1902 ɗin nan dai aka fara shigo da takin naitiret daga ƙasar Chile.

Ya kamata a riƙe wannan shekara, domin sau da yawa akan ji ana cewa Babbar Madatsar Aswan ce ta jefa Masar cikin bukatar takin zamani. Maganar ba ta cika daidai ba. An fara ginin madatsar a 1960 da taimakon Tarayyar Sobiyet, aka karkatar da kogi a 1964, aka gama a 1970. Gaskiya ne tun daga nan lakar da ta wuce tan miliyan 100 a shekara a Tafkin Nasir take zama. Amma ko kafin haka yawancinta Bahar Rum take zubawa, abin da ke sauka a gona bai fi kaurin milimita guda ba a shekara, kuma sinadarin naitirojin da ke cikinsa ba zai ciyar da noma sau uku ba. Masana'antar taki ta Kima da ke Aswan ma a 1960 ta fara aiki, da wutar lantarkin tsohuwar madatsa. Inda rashin laka ya yi ciwo nan take shi ne wajen masu yin jan bulo. Da kogi ya daina kawo musu, sai suka koma sayen saman gonaki suna kankarewa, har sai da aka kafa dokar hana hakan a 1983. Watau birni yana cin gona ta hanya biyu, ya zauna a kanta kamar yadda aka yi a Muhandisin, ya kuma ƙone ta ya yi gini da ita.

To, ina za a sami madadinta? Amsar da gwamnatocin Masar suka yi ta bayarwa ita ce hamada. An fara da Lardin Tahrir a yammacin bakin kogi cikin 1953, aka bi da Nubariyya da Salihiyya, aka buɗe aikin Toshka a 1997. Wanda ya hau babbar hanyar da ta tashi daga Dandalin Lubnan a Muhandisin ya nufi yamma, ba da jimawa ba zai bar baƙar ƙasa ya shiga rairayi, inda gonakin suka jeru a gefen hanyar Iskandariyya. Ƙasar nan ba ta da halin waccan ko kaɗan. Ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. In aka watsa mata buhun yuriya aka malala ruwa irin na gargajiya, kafin kwana kaɗan takin ya nutse inda saiwa ba ta kaiwa.

Dabarun da suka warware matsalar daga waje suka zo. Wani manomi Ba'amurke, Frank Zybach, ya yi rajistar injin yayyafi mai kewaya gona a 1952, a Isra'ila kuma aikin Simcha Blass ya haifar da kamfanin Netafim a 1965, mai yin mesar da ke ɗiga ruwa a gindin shuka. Da zarar ruwa ya koma tafiya a bututu, sai a narka taki a tanki a riƙa tsotsa shi cikin ruwan. Haka taki ya komo cikin ruwan ban ruwa a Masar, amma yanzu mutum ne zai ƙayyade nawa, yaushe, da wane iri.

Nan ne aikin yake, kuma ya fi kama da lissafin akawu bisa ga noman kaka da kakanni. Akan fara da gwada ƙasa da ruwan kansa, domin ruwan rijiyar hamada yakan zo da gishiri, taki kuma gishiri ne, in suka haɗu suka yi yawa sai shuka ta ƙone. Daga nan a ƙiyasta abin da amfanin zai ci duk tsawon rayuwarsa, a raba shi kashi-kashi. Alkama, alal misali, wadda ake shukawa a Nuwamba a girbe a Afrilu ko Mayu, kaɗan take bukata tana jaririya. Cinta yana ƙaruwa sa'ad da take fid da 'ya'ya a gindi da sa'ad da take yin kara har ta yi ciki, bayan ta fid da kai kuwa sai a janye hannu, don kada ta yi ganyen banza ta kwanta. Dankalin Turawa shi kuma fotash yake nema lokacin da yake ƙosawa. Ba kowane taki ke shiga tanki ba. Yuriya tana narkewa sarai, amma supa da kamfa irin na buhu da aka sani a kasuwannin Kano da Maraɗi suna barin tsaki mai toshe mesa. Fosfaras ma in ya gamu da ruwa mai alli sai ya daskare, shi ya sa ake ba da shi ta hanyar asid, kuma ba a haɗa takin kalshiyam da na fosfet ko salfet a tanki guda. Ko sakin ruwan ma da ƙa'idarsa: a fara da ruwa zalla har bututu su cika, a saki taki a tsakiya, a rufe da ruwa zalla don wanke hanya. In wankin ya yi tsawo ya kore takin, in ya gaza mesa ta toshe. Injin da ke ba wani sashen gona ruwa fiye da wani kuwa, haka zai raba takin, kuma sai ranar girbi mai gona zai gani.

Manomin fadama a ƙasar Hausa ya san rabin farko na wannan labari, don shi ma ambaliya ke sabunta masa ƙasa, kuma waɗanda ke ƙasa da madatsun Tiga da Bakolori sun ga abin da ke faruwa in aka tare ta. Rabi na biyu ne bai iso wa yawancinsu ba, dalili kuwa kuɗi ne. A Masar ma haka abin yake. Tsarin ya zauna daram a manyan gonakin hamada masu jari, amma a tsohuwar ƙasar bakin kogi, inda mutum ke da eka ɗaya ko ƙasa da haka kuma yake jiran ranar da za a sako masa ruwa, yawancin manoma da hannu suke watsa taki su malala ruwa a kai.

Abin da ke matsa wa hukuma lamba ta sauya wannan shi ne ƙidaya. Yarjejeniyar 1959 da Sudan ta ba Masar ruwa kubik mita biliyan 55 da rabi a shekara, lokacin jama'arta ba su wuce miliyan 26 ba. Sun cika miliyan 100 a 2020, rabon ruwan bai ƙaru ba, ga kuma madatsar da Habasha ta fara ginawa a 2011 ta buɗe a 2025. Noma ne ke shan kaso mafi girma na ruwan, duk da haka Masar tana cikin ƙasashen da suka fi sayen alkama daga waje, abin da ya sa yaƙin Ukraine na 2022, wanda ya ta da farashin alkama da na taki gaba ɗaya, ya taɓa ta sosai. Ma'aikatar Aikin Gona, wadda a dā hedikwatarta take Dokki maƙwabciyar Muhandisin, da takwararta ta ban ruwa sun yi shekaru suna lallashin ƙananan manoma su karɓi rance su sa mesa, manoman kuma suna tambayar wa zai biya kuɗin famfo da mai, da kuma yadda za a wanke gishirin da malalen ruwa ke wanke musu kyauta.